Ƙwayar Kafin Awo

Da na ajiye aikin rediyo na dawo Zuru, na dawo da hawan jini da kuma na'urar auna shi. Na'urar ƙarama ce mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse a danna maɓalli, ta matse hannu ta saki, lambobi su fito. Likita ya ce in riƙa aunawa safe da yamma, in kuma sha ƙwaya ɗaya kowace safiya har ƙarshen raina. Ba a yi wata biyu ba unguwa ta san da ita. Ranar Lahadi in an taso daga coci, tsofaffi kan biyo ta gidanmu, su jeru a kan benci a gindin mangwaro, kowa ya naɗe hannun riga. Ni ne likitansu, ko da yake sanina bai wuce karanta lamba ba.

Gidan na gado ne, ni da wana muke ciki, kowa da sashensa. Wana ya daɗe a soja, ya fito da igiya uku, har matarsa Saje take ce masa. Mahaifinmu ma soja ne, kakanmu kuma ya yi yaƙi a wata ƙasa da har ya mutu bai iya faɗin sunanta daidai ba. A wajenmu wannan ba abin ba da labari ba ne. Da wuya ka shiga gida uku a jere ba ka ga hoton mai kaki a bango ba. Ni ne na kauce na tafi karanta labarai, kuma wana bai taɓa daina yi mini ba'a ba, yakan ce ni ne mai yaƙi da baki.

'Ya'yansa huɗu mata ne, sai namiji ɗaya a ƙarshe. Tun yaron yana rarrafe uban ke kiransa Kurtu, sunan ya bi shi har makaranta.

Yana da shekara goma sha shida a ranar Lahadin da nake magana. Dogo ne siriri, ba kitse ko kaɗan, yana iya saɓa buhun dawa daga bakin ƙofa zuwa rumbu bai ajiye ba. Ya dawo daga ƙwallo ya tarar ina auna wata tsohuwa maƙwabciyarmu, sai ya tsaya yana kallo har aka gama.

"Baba Ƙarami, ni ma a auna ni, in ga ko ina da jini."

Aka yi dariya. Na ɗaura masa. Na'urar ta matse, ta saki, ta nuna ɗari da hamsin da takwas a sama, ɗari cif a ƙasa. Ya ɗara na tsohuwar. Ta leƙo ta tambaye ni nawa ne, na gaya mata, ta tafa hannu ta ce, "Ashe ɗan nan yayana ne, ban sani ba!"

Wana yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ko ɗago ba ya ce, "Batir ne. Injin farar hula bai san jinin soja ba."

Na canja batir. Na sa yaron ya zauna kwata na awa, ya sha ruwa, na sake aunawa. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Na auna kaina don in gwada na'urar, ta ba ni abin da ta saba ba ni.

Ba zan ce ban san ma'anar abin da na gani ba. Na yi shekaru ina fassara bayanan likitoci a shirin lafiya, kuma ban san sau nawa na faɗa wa masu sauraro cewa hawan jini kisan mummuƙe yake yi ba. Amma a duk takardun da na karanta, wanda ake yi wa gargaɗi magidanci ne mai tumbi, ko uwar 'ya'ya da ta haura arba'in. Ban taɓa furta kalmar tare da ɗan makaranta ba.

Na auna shi kowace safiya kafin ya tafi makaranta, har tsawon mako guda, ina rubutawa a bayan kalanda. Ba ranar da lambar ta sauko inda ya kamata. Ranar Asabar na kai shi gidan wata nas da muke coci ɗaya da ita. Ta auna da tata na'urar mai famfo, ta sa abin saurare a kunne, ta maimaita a ɗaya hannun. Ta tambaye shi ko yana ciwon kai, ya ce kusan kullum, amma ba ya damunsa, yana shan ƙwayar ciwon jiki biyu daga kemis kafin ya fita gudu. Ta tambaye shi me yake ci a makaranta, ya ce taliyar leda da ƙwai, da lemon nan na ƙarin kuzari in an samu.

Ta aike shi ya sayo mata katin waya, sa'an nan ta juyo gare ni. Ta ce ba shi ne na farko ba. A 'yan shekarun nan tana ganin yara 'yan sakandare da lambar da a da sai a hannun iyayensu take gani. Wasu masu ƙiba ne, waɗannan ta san abin da za ta gaya wa iyayensu. Sirara irinsa su suka fi tayar mata da hankali, domin sau da yawa ƙoda ce a bayan abin. Ta ce a kai shi babban asibiti a gwada fitsari da jini, kada a wuce watan nan.

Da yamma na sami wana na gaya masa duka, ban rage komai ba. Ya saurare ni har na gama. Wana ba jahili ba ne, ya ga duniya fiye da ni, kuma bai ce ƙarya nas take yi ba. Dalilinsa daban ne.

"Asibiti takarda ne," in ji shi. "Da zarar sun rubuta, ta bi shi ke nan. Wanda aka rubuta wa ciwo ba ya sa kaki."

Na ce masa ba wanda zai je ya tono katin yaro a wani asibiti.

"Ka taɓa shiga layin awon ɗaukar soja?"

Na ce a'a.

"To ka bar wa waɗanda suka shiga. Shekara biyu ta rage masa. In ya shiga, su da kansu za su duba shi, suna da likitoci."

Uwar yaron tana tsugune tana tankaɗe. Washegari ta fara dafa masa zoɓo ba sukari, ta rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya. Mako ɗaya aka yi, gida ya ɗauki ƙorafi, Saje ya ce ko a fagen daga ba a ba su miya lami ba. Gishiri ya dawo.

A al'adarmu ɗan wanka ɗanka ne, kana iya dukansa, kana iya aikensa, amma magana ta ƙarshe ta babba ce. Da wannan na lallashi kaina. Gaskiyar kuwa ita ce na daina auna shi ne don ba na son ganin lambar. In ya wuce ta gindin mangwaro ranar Lahadi, tsohuwar nan takan ce, "Yaya, ba ka zuwa awo?" ya yi dariya ya wuce, ni kuma in duƙufa a kan hannun da ke gabana.

Shekara biyun suka wuce. A cikinsu ne ƙauyukan wajen Wasagu da Sakaba suka yi ta watsewa saboda 'yan bindiga, dangin uwar yaron suka zo suka cika mana ɗaki biyu, gonarmu ta nesa muka bar ta ga ciyawa. Samarin gari ba su da abin yi sai kabu-kabu ko jiran ɗaukar soja. Da sassafe za ka gan su garke-garke a hanyar Dabai suna gudu suna waƙa, wasu da takalmin roba, wasu da silifa. Ɗan wana shi ne a gaba, shi ke ba da waƙa. Sau biyu na ga ya dawo da haɓo, ya toshe hanci da tsumma. Uwarsa ta ce mini fuskarsa na kumbura da safe, ta saɓe kafin rana ta yi. Uban ya ce girma ne, yaro yana cika.

Akwai majalisar tsofaffin sojoji a bakin layinmu, kuma suna da iliminsu na wuce awo, wanda kowane uba yake zuwa ɗiba in lokaci ya ƙarato. Mai shimfiɗaɗɗiyar ƙafa akwai yadda zai tsaya. Wanda tsawonsa ya gaza kaɗan, ya riƙa lilo a reshe, ya kuma shiga layi da sassafe kafin jiki ya zauna. Na jini kuwa, a tauna tafarnuwa, a sha zoɓo, kada a yi gudu ana gobe awo. In abin ya ƙi, a nemi ƙwayar hawan jini ta wani dattijo a sha kwana uku ko huɗu kafin ranar. Ba wanda yake ɗaukar wannan a matsayin ha'inci. A wurinsu awo katanga ce kamar sauran katangun da ake sa kurtu ya tsallake, kuma aikin uba ne ya duƙa ɗansa ya taka bayansa.

Saura mako guda, da rana tsaka, wana ya shigo ɗakina. Ba ya shigowa ɗakina, in yana nemana daga tsakar gida yake kira. Ya zauna a bakin gado, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Ƙwayar nan taka," ya ce.

Na ce, "Yaya, ba magani ba ne a haka. Rufe lamba ne kawai."

"Lambar nake so a rufe."

"Nas ta ce ƙoda."

"Nas ta ce wataƙila. Shekara biyu ke nan, ka ga ya faɗi? Jiya har Dabai ya je ya dawo, kai ko bakin kasuwa sai ka huta." Ya juya hular a hannunsa. "Namiji ɗaya gare ni. In bai shiga ba me zai yi? Ya hau mashin 'yan bindiga su tare shi a hanyar Ribah? Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne, bai taɓa ba. Shi ya riƙe ni a makaranta lokacin da mahaifinmu ya kwanta. Na ce masa zan bayar, da sharaɗin in an gama awo, a ci ko a faɗi, za mu kai yaron asibiti. Ya ce ya ji. Na buɗe aljihun tebur na yanko masa shida.

Kowace safiya a makon nan yaron yana zuwa ɗakina, ya haɗiyi ƙwaya a gabana, in auna shi. Rana ta uku lambar ta fara sauka. Rana ta biyar ta zo daidai bakin abin da ake karɓa. Abin da nake jin kunyar tunawa shi ne daɗin da na ji, irin daɗin mai gyaran rediyo in tasha ta kama.

Yaron ya dubi lambar ya yi murmushi. "Baba Ƙarami, ashe kai ma kana da amfani a soja."

Ya wuce awo. Sunansa ya fito. Aka yanka akuya, aka dama burukutu, aka yi godiya a coci, uwar ta yi rawa har gaban bagadi. Tsofaffin majalisa suka zo ɗaya bayan ɗaya suna sara wa Saje. Na tuna masa da sharaɗinmu, ya ce kwana goma suka rage a tafi, yanzu ne za mu je mu sa a rubuta? Ana gobe tafiya na kawo ƙwayar wata guda na ce a sa masa a jaka. Wana ya mayar mini da ita. Ya ce a bakin ƙofa ake zazzage jakar kowa, in aka ga wannan ai mun kai ƙarar kanmu. Haka yaron ya tafi, da tafarnuwa a ƙulle cikin leda da uwarsa ta cusa masa.

Mako na bakwai aka bugo wa wana waya. Yaron ya faɗi a wajen gudu, ya kwana uku a asibitinsu, sun sallame shi daga horo, a zo a ɗauke shi. Wana ya tafi shi kaɗai. Da suka sauka a tasha ban gane yaron da wuri ba. An aske masa kai ƙwal, fuskar ta cika har idanu sun shige, ƙafafunsa ba su shiga takalmi. Yana ta amai. Ya ce yana ganina kamar ta cikin ruwa.

Kwana ɗaya ya yi a gida, muka wuce da shi babban asibiti a birni. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Likitan da ya kira mu ofis matashi ne, bai fi sa'ar 'yar wana ta fari ba. Ya ce ƙodojin duka biyu sun ƙanƙance, aikin da suke yi kaɗan ne ƙwarai, kuma wannan ba ɓarnar mako bakwai ba ce. Sai ya tambaya ko an taɓa auna jinin yaron kafin yanzu.

Wana ya ce, "Sai a wajen ɗaukar aiki, kuma lafiya lau aka same shi."

Likitan ya rubuta. Ina kallon bakin alƙalaminsa. Na ce, "An taɓa."

Na faɗa masa ranar Lahadin, da lambobin bayan kalanda, da abin da nas ta ce, da ƙwayar ciwon jikin da yake sha kafin gudu, da ƙwaya shida da na yanka da hannuna. Na faɗe su a jere, kamar yadda aka koya mini jera labari, abin da ya faru, da yaushe, da wanda ya yi. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce ba zai iya rantsuwa a kan wanne ya riga wani ba, ko ƙodar ce ta tayar da jinin, ko jinin ne ya cinye ƙodar. Amma shekara biyu lokaci ne mai tsawo ga ƙoda, kuma a lokacin akwai abin da za a iya yi. Yanzu abin da ya rage wankin ƙoda ne, sau biyu a mako.

A baranda wana ya tsaya ya juya mini baya yana kallon motoci. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba.

"To, mai labarai. Ka karanta wa duniya. Ka wanke kanka?"

Na ce ban wanke ba, ai har da ni na faɗa.

"Ka faɗa a gaban likitan nan, yaro ƙarami, cewa na kashe ɗana."

Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Muna gida ɗaya, muna karɓa-karɓa wajen raka yaron, wannan mako shi, mako mai zuwa ni, uwar ce ke isar da saƙo a tsakani. Ya daina zama a majalisa.

Yaron yanzu ya shiga ashirin. Yawancin kwanakinsa a birni yake, a gidan yayarsa da ke aure a can, yakan zo gida in ya sami sarari tsakanin wanki da wanki. Ruwan da zai sha a yini a kofi ake auna masa. Fatarsa ta yi toka-toka. Abokan da suka shiga tare suna aiko masa da hotunansu a waya cikin kaki, yana nuna mini yana faɗin wanda ya fi kowa tsoro a cikinsu. Ba wanda ke kiransa Kurtu kuma, sai uban, shi ma in ya manta.

Na ɗauka abin da ya same mu zai zama izina a unguwa. Labarin da ya zaga daban ne. Abin da mutane suka riƙe shi ne ɗan Saje yana da jini, ya sha ƙwayar ƙanen ubansa, ya wuce awo. Abin da ya biyo baya kuwa, wasu sun ce jifa ce aka yi masa a can, wasu sun ce ruwan wurin ne bai karɓe shi ba.

Da aka sake buɗe ɗaukar soja a bana, wani maƙwabcinmu mai sayar da taki ya yi sallama da ni da hantsi, ɗansa na tsaye a bayansa, yaro kakkaura mai saje sabon toho. Muka gaisa, ya tambayi mai jiki, sa'an nan ya rage murya ya ce an ce ina da wata ƙwaya.

Na ce ya bari in auna yaron tukuna.

"Malam, ban zo neman ciwo ba. An auna shi a kemis, an ce ya ɗan hau kaɗan. Na kwana huɗu kawai nake so."

Na ce in ya hau, asibiti za a kai shi, yau ba gobe ba. Na ce ya shiga ɗakin can ya dubi ɗan wana, ya dubi ƙafafunsa, ya dawo mu yi magana.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji shi. "Kowa da tasa ƙaddarar." Ya ɗan jira ko zan canja, da ya ga ban motsa ba ya ce, "Ba komai. Sunanta kawai ka gaya mini."

Na ƙi. Ya yi mini sallama cikin ladabi, suka fita, yaron yana waiwayen na'urar da ke kan benci.

Tagar ɗakin ɗan wana a buɗe take. Da na shiga na same shi a kishingiɗe, ya ɗora ƙafafu a kan filo.

"Ka ba shi?"

"Ban ba shi ba."

"Zai samu a kemis. Ba sa tambayar takarda."

Na ce na sani.

"Ni ma da ka hana, can za mu je. Baba ya riga ya tambayo sunanta."

Ban san wannan ba. Na zauna a kujerar da ke bakin ƙofa. Ina tsammanin yana so ne ya sauke mini nauyi, har na buɗe baki zan yi masa godiya.

"Amma da sai in ce ba kai ba ne," ya ce. "Kai ka san abin da lambar take nufi. Su ba su sani ba."

Ya juya fuskarsa bango.  Makon nan ni ne da rakiya, don haka na tashi na tafi tasha in kama mana kujerar gaba a motar safe, inda zai iya miƙe ƙafa.